Ganyen da Ya Daina Amsa Gaisuwa

Har yau ban sami wanda zai gaya mini ba: yaya ganyen da ya riƙa tayar da mutum tun yana saurayi zai juyo ya kwantar da shi, alhali ba a canza ƙoƙo ba, ba a canza tukunya ba, ba a canza hannun da ke dafawa ba? Na tambayi likita, na tambayi fasto, na tambayi Bafilatana mai kawo mana nono. Kowa ya ba ni guntun amsa. Na haɗa guntayen, ba su rufe ramin ba.

Sunana Saratu. Ban yi makaranta ba. 'Yata Rifkatu ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata in kuka ya zo mini ta jira ni, kada ta cika mini magana. Ina so a karanta wannan a zumuntar mata, a kai shi ƙauyukanmu na gindin dutse, domin na san ba gidanmu kaɗai ke da irin wannan ƙoƙo ba.

Mijina Ishaku ya yi aikin reluwe a Kafanchan, cikin masu gyaran layin dogo, har ya yi ritaya. Asalinmu wani ƙauye ne a bayan Kagoro. Mazan gidansu suna da ciwon gado. In zafin bazara ya kai ƙarshe, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gajarta, mutum ya kasa kwanciya sai a jingine. Maganin kuwa uwarsa, Kaka Ladi, ta bar masa. Wani ganye ne mai yaɗo da ke fitowa a bakin ɗan rafi, ƙarƙashin manyan itatuwa. In an karya shi yana fitar da farin ruwa. Ban san sunansa da Hausa ba, a yarenmu muna ce masa mai jan ruwa, don yana janye ruwan kumburi.

Ba a taɓa shi sai ruwan farko ya sauka, rafin ya farka. Mai ciwon ne ke fara zuwa da ƙafarsa. Ya durƙusa, ya zuba ɗan acca a gindin ganyen, ya ce, "Mu ne, 'ya'yan Ladi, mun zo roƙo." Sai ya yi shiru. In ya ji motsin ruwa a tsakanin duwatsu, ganye ya amsa ke nan. Fasto bai so wannan ba, ga shi Ishaku dattijon ikilisiya ne. Shi kuwa yakan ce gaisuwa ba sujada ba ce, ko maƙwabci ai sai ka gaishe shi kafin ka ari fartanyarsa.

Ma'aunin wani ƙaramin ƙoƙo ne da ya yi baƙi don tsufa. A cika shi da ɗanyen ganye har baki, a juye a tukunya. Matar gida ke dafawa, amma ba ta lasawa, wai in ta lasa ta raba ƙarfinsa biyu. In kuma an fara sha, ba a yankewa sai sabon wata ya tsaya. Haka na yi masa shekara da shekaru, tun ina amarya. Ya sha, ya yi ta fitsari, ƙafa ta sace, ya ɗauki gudumarsa ya koma layin dogo. Ni kaina na sha yi wa Ubangiji godiya saboda wannan ganye.

Tun shekarar da aka yi rikici a Kafanchan na fara lura damina ta canza hali. Da, kafin Ista ko bayanta kaɗan, ƙasa ta jiƙe. Sai ga shi ruwa ya zo sau ɗaya, a yi shuka, ya ɗauke, shuka ta ƙone. Zafi kuma irin wanda ban saba ji a gindin dutse ba. Manyan itatuwan bakin rafin wasu suka bushe a tsaye, wasu aka sare su aka yi gonar citta. Ganyen da ya saba zama a inuwa ya koma tsakiyar rana. Shekara biyu a jere Ishaku ya sha ya ce zuciyarsa na tashi. Muka ce tsufa ne.

A shekarar da zan ba ku labari, Ista ta wuce, sama fes. Ƙafafunsa suka yi suntum har takalmi ya ƙi shiga. Ya zauna a ƙofar ɗaki yana kallon gabas. Ran nan aka yi ruwa mai ɗan ƙarfi. Washegari ya hau keke ya tafi, ya dawo bayan la'asar da ganye a cikin hularsa. Bai yi magana ba. Na ɗauka gajiya ce.

Da na zazzage ganyen a faifai sai na tsaya. Na san shi da faɗi kamar tafin hannun yaro, laushi, kuma ko yaushe da hujin tsutsa a jikinsa. Wannan ƙanana ne kamar farce, masu kauri, korensu ya yi duhu. Babu huji ko ɗaya.

Na ce, "Baban Rifkatu, shi ne kuwa?"

Ya ce, "Shi ne mana. Wurin nan dai da kika sani. Duba yadda ya yi tsaf, ko tsutsa ba ta ɓata shi ba."

Na cika ƙoƙo har baki. Ya yi mini nauyi a hannu. Da, ganye kaɗan ke cika shi, da iska a tsakaninsu. Wannan karon sai da na yi ta zubawa, suna ta kwanciya a kan juna kamar hatsi. Amma ma'auni ma'auni ne. Na dafa. Ruwan ya fito baƙi kamar na marina.

Ya kurɓa, ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta miƙe. Na ce, "Yaya?"

Ya ce, "Yana aiki."

Satin farko murna muka yi. Kwana biyu kawai ƙafa ta sace, abin da a da yake ɗaukar kusan wata. Ya sa takalminsa ya zaga unguwa yana nuna wa mutane. Sai dai abinci ya fita ransa. In na kawo tuwon acca ya kalla ya ture. Ya fara amai da safe.

A sati na biyu, wata safiya ina shara, ya ce, "Maman Rifkatu, wa ya rina miki zane?"

Farin zanen zumunta ne a jikina. Na ce ba wanda ya rina.

Ya ce, "Rawaya ne. Bangon ma rawaya. Sama ma." Ya ɗaga hannunsa yana juyawa. "Kamar an zuba wa duniya manja."

Na duba idonsa, fari tas. Ba shawara ba ce, na san shawara. Bayan kwana biyu ya ce kowa ya shigo gidan yana ganin zobe mai haske a kansa, irin na hotunan tsarkaka. Yana faɗa yana murmushi. Ya ce akuya ma tana da nata.

A bayan madafi nake zubar da tukar ganyen, shekara da shekaru kaji na tonawa ba abin da ya same su. Ran nan babbar kazata ta tsattsaga, ta yi taku kaɗan, ta yi juyi wuri ɗaya, ta kwanta. Ba ta ko shure-shure ba. Ƙudaje ma ba su sauka a wurin ba.

Ƙanensa Dauda ya zo daga ƙauye. Mu da shi akwai wasa tun ina amarya, yakan ce mini matarmu. Na nuna masa kazar.

Ya ce, "Matarmu, kaza ta mutu shi ne kike wannan fuska? Kawo a fige, in ke ba kya ci."

Na ce, "Kai dai cikinka ne zai kai ka kabari. Ganyen nan ta ci."

Ya daina dariya. Ya ce, "To ai kin ga hannu ke nan. Wani ne ya aiko wa yaya abu, kaza ta tare. Tun da ya karɓi kuɗin sallamarsa ido ke kansa. Maganin Mama ne ke faɗa da abin, shi ya sa yake gane-gane. In kika yanke yanzu kin bar shi a tsakiyar kogi."

Matan unguwa kowa da tata. Wata ta ce shawara ce ta ɓoye a ciki. Wata ta ce a kai shi gidan addu'a a Madakiya. Wata tsohuwa ta ce mai ganin haske a kan mutane an riga an buɗe masa ƙofa, a bar shi ya shirya. Dauda ya hau keken yayansa ya ɗebo sabon ganye, na dafa tukunya ta biyu.

Inna Hajo ce ta tsayar da hannuna. Bafilatana ce, rugarsu na kusa da rafin, ta daɗe tana kawo mana nono. Ta sauke ƙwaryarta, ta hango ganyen a faifai, ta ja da baya.

Ta ce, "Saratu, wannan na bakin rafi ne?"

Na ce shi ne.

Ta ce, "Shanunmu da sukan ɗan taɓa shi in za su sha ruwa, ba ya yi musu komai. Bana ko kusa ba sa zuwa. Sai su tsaya nesa suna huci. Wani ɗan maraƙi da bai san komai ba ya ci, kafin rana ta karkata ya faɗi." Ta dubi ɗakin da Ishaku yake. "Ni ban san maganinku ba. Amma saniya ba ta ƙin abu a banza."

Ranar na kife tukunyar. Ishaku ya yi fushin da ban taɓa gani ba. Ya ce wata bai tsaya ba, ya ce tun da uwarsa ta rasu bai taɓa saɓa mata ba. Na ce ya kai ni ƙara wurin dattawa. Ran Lahadi muna hanyar sujada, ya tsaya ya dafa bango, ya ce ƙasa na nisa da shi, ya sulale.

Maƙwabcinmu Inyamuri, wanda suka yi aikin reluwe tare, shi ya ɗauke mu a motarsa ta ɗaukar kaya. Ko sisi bai karɓa ba. Ubangiji ya sāka masa. A asibiti kuwa muka tarar da layi har waje. Ishaku na kwance a benci, kansa a cinyata, ni ina roƙon a duba shi, ana ce mini sai an yanki kati, mai kati kuma ya fita. Tun hantsi sai da rana ta karkata. Ina jin ƙirjinsa a tafin hannuna: ya buga, ya yi shiru har in ce ya tafi, sai ya sake bugawa.

Wata nas ce ta zo wucewa ta kama wuyan hannunsa tana duban agogo. Ta saki, ta sake kamawa. Sai ta ruga ta kira likita. Wannan yarinya ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Likitan saurayi ne daga Kudu, Hausarsa kaɗan ce, nas ke juya mana. Ya tambayi abin da yake sha a gida, na faɗa masa duka, har rawayar da zoben haske. Da ya ji rawayar sai ya ajiye alƙalami. Kalmar da ta maƙale mini daga bakinsa ita ce obados. Nas ta ce wato magani ya wuce kima.

Na ce, "Likita, ban ƙara ko ganye ɗaya a kan ma'auni ba. Ƙoƙon uwarsa ne."

Ya sa aka kawo ƙoƙon da ganyen washegari. Ya juya su a hannu. Ya ce shi bai san wannan ganye ba, kuma ba su da abin auna shi a nan, saboda haka ba zai rantse ba. Amma akwai irin wannan magani na zuciya a wurinsu ma, daga ganye ake samo shi, kuma tsakanin warkarwarsa da kisansa siririn zare ne.

Ya ce, "Mama, itace ba ya gudu. In rana ta dame shi, ƙishi ya dame shi, ba zai tashi ya koma inuwa ba. Sai ya tara ɗaci a jikinsa don ya kare kansa. Ɗacin nan shi ne maganin, shi ne kuma dafin. In miya ta ƙone a wuta, gishirin ya tafi?"

Na ce, "Yana nan, sai dai ya yi yawa."

Ya ce, "To. Ga shi kuma ganyen ya ƙanƙance, ƙoƙonki na cin ninkin abin da ya saba ci."

Ya ce babu abin yi sai a tsare shi har abin ya fita daga jikinsa, kuma ko ɗigo kada ya sake shiga bakinsa. Ya faɗa a gaban Dauda. Dauda ya kaɗa kai.

Sati na uku a asibiti muka yi shi. Ruwan da ake ƙara masa, allura, har auduga, komai sai mu fita mu sayo a kemis, lokacin kuma kaya sun yi tsada. Akuyata ta tafi. Matan zumunta suka riƙa kawo abinci bi da bi, Inna Hajo ta taka tun daga ruga da ƙwaryar kindirmo ta ce a ba shi. Wasu kuma da muka ci muka sha tare shekara da shekaru, ko leƙe, don an ce abin maita ne. Ban manta ba, ko da yake na yafe.

Ya fara samun sauƙi. Aman ya tsaya, ya sha kunu. Ya ce zanena ya fara komawa fari daga gefe. Amma ƙafa ta soma kumbura kuma, shi kuwa idonsa na kan ƙafar. Wata rana tsaka, ɗakin cike da masu jinya, ya dubi ƙarshen gadon ya ce, "Sannu da zuwa, Mama."

Ba kowa a wurin.

Na ce, "Da wa kake?"

Ya ce, "Ga ta nan tsaye da ƙoƙo. Ita ba ta da zoben. Kowa na da shi, ban da ita." Ya saurara kamar ana yi masa magana. "Ta ce wata bai tsaya ba."

Na kira fasto ya yi addu'a. Likita ya ce maganin ne ke sa gane-gane, zai wuce. Na yarda da su duka biyu, amma na daina zama a ƙarshen gadon.

Ranar kasuwa dole ta sa na fita sayar da busasshiyar cittarmu, wadda muka ajiye sai ta yi daraja, domin an rubuta sabuwar allura. Rifkatu na wurin aiki. Na bar Dauda a kansa. Da na dawo, tun daga ƙofa na ji warin. Hancin da ya yi shekaru a kan tukunyar nan ba ya ɓata. Ga fulas a ƙarƙashin gado, murfinsa a jiƙe.

Na ce, "Dauda."

Bai ce mini matarmu ba. Ya ce, "Shi ya roƙe ni tun shekaranjiya. Ya riƙe mini hannu yana kuka. Ya ce Mama na tsaye tana jira. Yayana ne, Saratu. Rabin kofi kawai."

Ban zage shi ba. Har yau ban zage shi ba. Dauda bai ƙi ɗan'uwansa ba. Abin da ya ga ya warkar da ubansu da yayansa tun yana yaro, shi ya kawo. Na ruga na kira nas. Suka yi abin da za su iya, likitan nan bai bar ɗakin ba har yamma. Ba ni da abin da zan zarge shi da shi.

Kafin in faɗi ƙarshen, ga abin da ya sa na zaunar da Rifkatu. Bayan an share makoki na je rafin da kaina. Ban ga rafi ba, sai jiƙaƙƙen yashi. Ganyen na nan ya yaɗu a kan duwatsu, yana ƙyalli a rana, ya fi ko yaushe kyau. Ba tsuntsu, ba fara, ba sawun dabba a kewayensa. Accar da Ishaku ya zuba tana nan a gindinsa, ko tururuwa ba ta ɗauka ba.

Ban ce ku bar maganin iyayenku ba. Shi ya raine mu. Amma iyayenmu sun auna ganyen zamaninsu ne, wanda ya sha ruwa ya kwana a inuwa. In kun ga ganye ya ƙanƙance, ya yi duhu, tsutsa ta ƙi shi, dabba ta kauce masa, in ƙoƙo ya yi muku nauyi a hannu, ku tsaya. In mai shan magani ya ce duniya ta koma rawaya, kada ku jira wata. Ɗana Yohanna bana ya fara sassauta igiyar takalmi, an kuma soma tambayata ina ƙoƙon kakarsa. Yana ƙasan akwatina, can zai zauna. Ranar da za a rufe ni a sa mini shi a gefe, in mayar wa mai shi.

A yammacin ranar da Dauda ya kawo fulas ɗin nan, hadari ya haɗu, irin wanda muka yi wata da watanni muna jira. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, yana dukan kwanon asibitin har ba a jin magana. Masu jinya suka taso bakin taga suna murna. Ishaku ya buɗe ido, idon nan garau, kamar na ranar da ya zo gaishe da iyayena. Hannuna na kan ƙirjinsa, ina jiran kowane bugu. Ya motsa baki. Na sunkuya har kunnena ya taɓa leɓensa. Bai ce Maman Rifkatu ba, da sunana ya kira ni.

Ya ce, "Saratu, ranar nan da na je rafi, na gaishe shi yadda Mama ta koya mini. Na jira, na jira. Bai amsa ba. Kada ki bar Yohanna ya je."